Kafin mu kewaye fili: lissafin katanga daga tushe yake farawa



Tun 1916 da aka keɓe wa kakanninmu wannan unguwa, Sabo ba ta ƙara faɗi ba, mu ne muka ƙaru. Shi ya sa yau da yawanmu muka sayi filaye a Ojoo, Sasa, Moniya da wajen Apata. Da zarar an biya kuɗi kuma, shawara ɗaya ake ba mutum: yi maza ka kewaye, kada masu ƙasa su sake sayar wa wani. Shawarar gaskiya ce, amma gaggawar nan ita ke sa muna ganin katangun da suka tsaya a layi na huɗu shekara da shekaru, da waɗanda damina ɗaya ta kwantar.

Abin da muka lura shi ne, yawancinmu da Naira muke fara lissafi. Naira kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin dako ya tashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura N10,000 a wurare da dama. Yawan kaya ne ba ya canzawa. Mu fara ƙidaya kayan, sannan mu je kasuwa mu ji farashin ranar.

Mu ɗauki fuloti mai ƙafa 50 da 100. Kewayensa ƙafa 300 ne. A cire ƙafa 12 na ƙofa, saura 288. Tsawon bulo inci 18 ne, wato ƙafa ɗaya da rabi, don haka kowane layi zai ci bulo 192. Layi 8 zai ba mu tsayin ƙafa 6 da ɗoriya. A ƙara layi 3 na tushe, layi 11 ke nan, bulo 2,112. Da waɗanda za su fashe wajen lodi da saukewa, a rubuta 2,200.

Sai siminti. Magina kan lissafa buhu ɗaya ga bulo kamar 50 mai inci 9, wato buhu 44 na ɗauri. Kankaren da za a zuba a ramin tushe, mai faɗin inci 18 da kaurin inci 6, zai ci buhu 27 ko kusa da haka. Ginshiƙai, ɗaya a duk ƙafa 10, za su kai 30, su ma su ci kusan buhu 27. Kun ga mun tasam ma buhu 100 ba a taɓa filasta ba. In za a shafe ciki da waje, a ƙara 35 zuwa 40. Rodi kuma tsawonsa mita 12 ne, a yanka shi gida huɗu ya ishi ginshiƙi ɗaya, ban da ƙananan rodin zobe da wayar ɗauri.

Bayan waɗannan akwai abin da ba mu cika rubutawa ba: tifar yashi, tifar tsakuwa, katako da ƙusa na kafinta, kuɗin haƙa, tankar ruwa in babu rijiya, ƙofar ƙarfe da mai walda, ladan birkila da leburori, da abin da 'ya'yan masu ƙasa kan zo nema ranar da aka sauke kaya. A haɗa duka, a ɗora kashi 10 cikin 100 saboda abin da ka iya tasowa.

Wannan lissafi na shimfiɗaɗɗen fili ne. Ibadan kuwa gari ne na tudu da gangare, ruwan sama yana farawa tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba. Dattawanmu sun ga ambaliyar Ogunpa ta 1980, mu kuma mun ga ta 26 ga Agustan 2011. Tushen da zai riƙe katanga a Katsina ko Sakkwato ba lallai ya riƙe ta a gangaren Moniya ba. In filinka a gangare yake, tushe zai ƙara layi, a gina shi hawa-hawa, a bar ƙananan kafofi a ƙasan bango don ruwa ya samu hanya. Ruwan da aka tare wa hanya bango yake turawa.

A nan ne ɓarakar take. Idan kuɗi ya gaza, abin da ido ba ya gani muke ragewa: zurfin rami, kaurin kankare, yawan ginshiƙi, sai mu sayi bulon da farce ke kankarewa. Araha ba ta ado. Katanga ba ta zaɓar gefen da za ta faɗi, kuma a gindinta yaran maƙwabta suke wasa, masu talla suke fakewa. In dole sai an rage, a rage tsayi, a jinkirta filasta da fenti. Waɗannan ana iya ƙara su baɗi, tushe kuwa in an binne shi an gama.

Kafin a sa diga a ƙasa, a kira safiyo ya nuna duwatsun iyaka, a kira maƙwabci ya tsaya ya gani da idonsa. A bar wa hanya da kwata haƙƙinsu. Ƙafa ɗaya da aka shiga filin wani ta isa ta rusa zumuncin shekaru, ta kuma sa a rushe bangon da aka kashe wa kuɗi. Mun zauna da Yarbawa fiye da shekara 100 a garin nan, kuma mutuncin da muka gada ya fi ƙafa ɗaya ta ƙasa daraja.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin aiki, ƙasa a bushe, hanyar tifa a buɗe. Mai niyyar kewaye fili bana ya auna shi tun yanzu, ya ji farashi a wuri uku, ya rubuta yarjejeniya da birkila a gaban shaidu. Magina da ke cikinmu kuma, ku taimaka wa 'yan uwa da duba lissafinsu kafin su sayi bulo ko ɗaya.

Allah Ya ba kowa ikon kammala nasa lafiya.