Limamin da ya taka da ƙafa saboda ɗiya mata

A ƙasar Senegal, kusa da birnin Thiès, akwai wani ƙauyen Bambara da ake kira Keur Simbara. A lokacin da wannan labari ya faru, sunan limamin garin Demba Diawara. Dattijo ne, bai yi lakwal ba. Amma masu aikin hana kaciyar mata a ƙasashe da yawa sun san sunansa.

Kafin shi an yi taro manya manya. A 1979 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara likitoci da wakilan gwamnatoci a Kartum, suka ce a bar wannan al'ada. A 1984 aka sake zama a Dakar, aka kafa kwamitin ƙasashen Afirka mai yaƙi da al'adun da ke cutar da mata da yara. An yi jawabai, an sa hannu. To, tsakanin Dakar da Keur Simbara bai kai kilomita 100 ba, amma shekara 13 bayan wannan taro ana nan ana yi wa ƴan mata kaciya a garin liman.

Ran 31 ga Yuli 1997, matan wani gari mai suna Malicounda Bambara suka tashi gaban ƴan jarida suka ce sun bari. Waɗannan mata sun yi karatun yaƙi da jahilci da na kiwon lafiya a ƙarƙashin ƙungiyar Tostan. Mutanen birni suka yaba masu. Amma danginsu na ƙauyukan kewaye suka fusata, suka ce sun tona asirin gida, sun sayar da gadon iyaye ga baƙi.

Sai liman Demba ya tafi wajen shugabar Tostan, Molly Melching, ya faɗa mata inda aka yi kuskure. Ya nuna mata cewa gari ɗaya ba ya iya barin wannan abu shi kaɗai. Ɗiyar Keur Simbara a wani gari za ta yi aure. In uwar miji ta ce ba ta karɓar amarya marar kaciya, ina uban yarinya zai sa kansa? Uwar da ke kai ɗiyarta wajen mai aska ba ƙinta take yi ba, tsoro take kada ta rasa miji. Wannan magana kowane baƙauye ya san ta, amma ba ta cikin takardun manyan taro.

Shi kansa liman bai gama yarda ba tukuna. Ya fara da tambayar malamai, suka ce masa Musulunci bai wajabta ba. Sannan ya zauna da matan gidansu ya tambaye su, abin da namiji bai saba yi ba. A nan ya ji abin da bai taɓa ji ba duk tsawon rayuwarsa: jinin da ba ya tsayawa, zazzaɓin da ke bin yanka, wahalar kwanciya da miji, doguwar naƙuda. Matan suna ɗauka haka Allah ya yi kowace mace. Maza kuwa ba su sani ba, don ba su taɓa tambaya ba.

Daga nan ya ɗauki sandarsa, tare da wasu ƴaƴan ƴan'uwansa biyu, mace da namiji, ya bi ƙauyuka 10 waɗanda suke aurayya da garinsa. Ya yi watanni yana wannan yawo. In ya sauka ba ya zagin al'ada, ba ya kiran sunan abin ɓaro-ɓaro gaban surukai, ba ya ce wa kowa ga abin da za ka yi. Ya gaida mutane, ya faɗi abin da ya ji, ya bar su su yi shawara. Wani wuri a saurare shi, wani wuri a yi masa fushi, ya koma.

A watan Fabrairu 1998 wakilan ƙauyuka 13 suka taru a Diabougou, maza da mata, malamai da masu gari, suka yi alkawari tare cewa sun bar kaciya, kuma ƴaƴansu maza za su auri ƴan matan da ba a yi wa ba. A Janairu 1999 majalisar Senegal ta kafa dokar hani. Daga baya hukumomin UNICEF da UNFPA, da suka haɗa aiki a 2008, sun ɗauki wannan hanya ta tara dangi da surukai su bari a rana ɗaya. A Disamba 2012 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira a kawar da al'adar ko'ina. Duk da haka aikin da saura: a 2024 UNICEF ta ƙiyasta mata fiye da miliyan 230 ne ke raye da wannan tabo, kuma a shekarar nan sai da aka ja daga a majalisar Gambiya kafin a hana soke dokarsu ta 2015.

A nan Nijar abin bai yi yawa ba. Binciken 2012 ya samu kamar mace 2 cikin 100, galibi wajen Tillabéri. Kwamitin CONIPRAT yana wannan aiki tun 1990, kuma dokar watan Yuni 2003 ta tanadi kaso na wata 6 zuwa shekara 3, da tarar jikka 20 zuwa jikka 200. In yarinya ta mutu, kaso shekara 10 ne zuwa 20.

Kada mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa su ce zancen wasu ne. Cire ɗan gurya da wanzami ke yi wa jinjira, da yankan gishiri da ake yi wa mace in naƙuda ta yi tsawo ko in ta kasa zama da miji, likitoci cikin wannan sahu suke lissafa su. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari. Sau da yawa kaka ce ke aika a kira wanzami, uban yarinya yana waje yana karɓar barka, bai tambayi abin da aska ta taɓa a cikin ɗaki ba.