Ƙahon Wanzami Da Allurar Sinawa

Duk wanda ya sunkuyar da kai ya shafa bayan wuyansa zai ji wani ƙashi ya ɗan turo, daidai inda wuya ya haɗu da kafaɗu. Ƙasa kaɗan da wannan ƙashi akwai wani gurbi da masu magani na Hausa da na ƙasar Sin suka yi tarayya a kansa, ko da yake kowa da hanyarsa.

Ɗan dako a kasuwar Oyingbo ta Ikko ya san wannan gurbi tun kafin a faɗa masa. Tun da asuba yake jidar buhunan albasa da barkono, nauyin duk yana sauka a wuya da kafaɗu. In abin ya ishe shi sai ya nemi wanzami, irin waɗanda ke zagawa da zabira a nan da unguwannin Hausawa irin su Agege. Wanzami zai lalubi wurin da yatsa, ya kafa ƙaho, ya zuƙe iska, ya toshe kan. In fata ta taso ya yi tsaga da aska, ya mai da ƙahon ya ja abin da ake kira mataccen jini. Aikin yana da daraja a wurin jama'a, domin ya zo a hadisi cewa an yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho a tsakanin kafaɗu.

Sinawa kuwa suna kiran gurbin Dazhui, watau babban ƙashin baya. Sun ce yana ƙarƙashin ƙashin wuya na 7. Nan suke soka siririyar allura saboda zazzaɓi da mura da sanƙarewar wuya, wani lokaci ma su fid da jini su kafa kofi, kamar dai wanzami. Bambancin shi ne su sun rubuta nasu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga daidaitattun sunayen gurabe 361, a 2008 kuma aka ƙayyade mazaunin kowanne a jiki. Wanzami shi littafinsa yatsansa ne, da abin da ya gani wurin mahaifinsa.

Amfanin rubutu shi ne yana ajiye gargaɗi tare da magani. Likitocin Sin suna koya wa ɗalibansu cewa allurar da ta nutse a gefen wannan gurbi tana iya huda huhu. Ƙaho ma yana da nasa haɗari. Aska ɗaya da ta tsaga mutum goma tana iya raba musu ciwon hanta ko ƙanjamau, ɗan dako ya zo da ciwon kafaɗa ya koma gida da abin da zai kashe shi.

Saboda haka ya kamata sarakunan aska su tashi tsaye su wajabta sabuwar reza ga kowane mutum, da dafa ƙaho bayan kowane aiki. Ya kuma kyautu jami'o'in ƙasar nan su zauna da tsofaffin wanzamai su rubuta guraben da suka sani tun suna da rai. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma wannan gyara sana'arsa zai tsare, ya tsare bayan talaka da ke ci da ƙarfinsa.