Lambar da ba a mayar da ita gida ba

A shekarun da na yi ina koyar da lissafi, na lura cewa ɗalibai da yawa sun iya latsa maɓallin antilogaridim a kalkuleta, amma kaɗan ne za su iya faɗin abin da amsar take nufi. Wannan ya fi damuna fiye da faɗuwa jarrabawa.

Bayanin ba shi da wuya. Logaridim tambaya ce: sau nawa za a jera 10 a ninka kafin a sami wata lamba? Ga 1,000, amsar 3 ce. Antilogaridim kuwa hanyar dawowa ce: a ba ka 3, ka mayar da ita 1,000. John Napier ya wallafa dabarar logaridim a 1614, Henry Briggs kuma ya ɗora ta kan tushen 10, domin masana taurari da matuƙan jiragen ruwa su mayar da doguwar ninkawa ta zama tarawa. Amma komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo: bayan an tara, dole a komo ga ainihin adadi.

Mu ɗauki fadamar Kwalkwalawa, a kan hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ake noman shinkafa da albasa. A ce an auna ƙasar gonaki biyu, ɗaya ta nuna pH 7, ɗaya ta nuna 5. Wanda bai san antilogaridim ba zai ce tazarar biyu ce kacal. Alhali ƙwayoyin da ke kawo tsami a gona ta biyu sun ninka na ta farko sau 100. Malamin gona da ya raina wannan tazara zai ba manomi shawarar taki marar amfani, kuma aljihun manomin ne zai ji a jikinsa.

Haka abin yake ga injiniya. Janareta mai ƙarar desibel 90 ya ninka mai 60 ƙarfin sauti sau 1,000, abin da ya shafi kunnen masu aiki kusa da shi. A ma'aunin Richter, kowane mataki ɗaya na nufin motsin ƙasa ya ninka sau 10.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana malamai, tun daga sakandare, da kada mu karɓi amsa daga ɗalibi sai ya fassara ta da bakinsa: sau nawa abin ya ƙaru, kuma wa zai shafa? Kalkuleta za ta fitar da lamba cikin ƙiftawar ido, amma ɗalibin ne wata rana zai tsaya gaban manomi ya yi masa bayani.