Baho Mai Siffar Ƙwai Da Darasin Da Ya Koya Mana

A wannan wata mun ajiye zancen makaranta da tarbiyyar yara da muka saba kawo muku, za mu shiga da ku wani lungu na gida wanda ba a cika zancensa a bainar jama'a ba, wato makewayi. Kada wani ya ce malamin makaranta ya rasa abin faɗa. Wata huɗu cur muka yi muna kai da kawowa a kan bahon wanka guda ɗaya, har ya kusa haɗa mu da uwargida, ya kuma kusa mantar da mu haƙƙin mahaifiyarmu. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labari, ko Allah zai sa wani ya kauce wa ramin da muka kusa faɗawa.

Asalin maganar dai ba baho ba ne. Tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa muka ɗauko Inna daga Bitam, ta dawo wurinmu a nan Nzeng-Ayong. A farkon daminar bara, wata rana da asuba, ta shiga wanka santsi ya kwashe ta. Daɓen makewayin namu na siminti ne wanda ya tsufa ya yi sulɓi, ga gansakuka a gefen bango, kun dai san yadda laima take a garin nan. Allah ya kiyaye ba ta karye ba, amma ta yi mako uku ba ta iya taka ƙafa sai an riƙe ta. A daren da abin ya faru muka yi shawara da uwargida cewa ko da bashi ne sai an fasa makewayin nan an sake shi. Mu muka kawo abin da muka tara daga albashi, ita kuma ta ce idan kwasar adashinta ta zo za ta zuba a ciki.

To, a nan ne baho ya shigo. Uwargida ta je barkar haihuwa gidan wata ƙawarta, ta dawo tana ba mu labarin wani farin baho mai siffar ƙwai, ba kusurwa ko ɗaya, yana zaune shi kaɗai a tsakiyar ɗaki kamar an ajiye ƙwarya. Ta ce, "Malam, tun da dai fasawa za a yi, a yi mai gaba ɗaya." Ba za mu ɗora mata laifi ba, domin tana da hujja. Ta tashi a gidan haya inda iyali shida ke bin layin makewayi ɗaya da bokiti a hannu. Yau shekara goma sha shida tana sunkuyo tana yi wa yara wanka a roba, bayanta har ya fara ciwo. Kuma gaskiya ɗaya ce, mu ma da muka ga hoton a wayarta sai da zuciyarmu ta motsa.

Ya kamata mu tsaya a kan wannan motsin zuciya, domin ba namu ba ne mu kaɗai. Kakanninmu sun shigo arewacin ƙasar nan ta Kamaru da kayan fatauci a ka, fiye da shekara ɗari da suka wuce, suka zauna a Bitam da Oyem da Minvoul. Da yawansu sun yi zaman wanda zai tashi gobe, ba su damu da gini ba. Mu kuwa a nan aka haife mu, a nan muka yi karatu, a nan muke koyar da 'ya'yan ƙasa. Amma har yanzu akan sami wanda zai ji sunanka ya tambaye ka daga wace ƙasa ka zo. Saboda haka idan Allah ya hore wa ɗayanmu ya yi gini, akwai wata murya da ke raɗa masa cewa ya yi shi yadda duk baƙon da ya shigo zai san mai gidan nan ba wucewa yake yi ba. Wannan murya ita ta raka mu kasuwa.

Ranar wata Asabar muka zaga shagunan kayan gini na Oloumi da na kewayen Mont-Bouët. Abin da muka koyo shi ne baho iri uku ne. Akwai na zubin ƙarfe, mai ƙarko, yana riƙe ɗumin ruwa, amma nauyinsa kan haura kilo 100 tun ba a zuba masa ruwa ba, ga tsada. Akwai na falle ƙarfe da aka shafe da farin fenti mai ƙyalli, ya fi araha, sai dai ruwa na saurin hucewa a cikinsa, kuma da zarar wani abu ya faɗa ya ɓantare fentin, tsatsa ta sami ƙofa, balle a gari irin namu na bakin teku. Sannan akwai na roba mai tauri da ake kira akirilik, mutum biyu na ɗaukarsa ba wahala, ba ya tsatsa, amma yana ƙarcewa idan aka goge shi da soson ƙarfe ko hodar wanke tukunya. Dukkansu ta jirgin ruwa suke shigowa tashar Owendo, don haka wajibi ne mai saye ya tambaya ko ana samun bututun magudanarsa da murfinta a gari, kada ranar da suka lalace a ce sai an yi odo.

Wanda ya ɗauki hankalinmu na akirilik ne, tsawonsa santimita 170, faɗinsa 80, tsayinsa daga ƙasa kusan 60. Kuɗinsa da na famfonsa mai tsayuwa a ƙasa ya tasar wa albashinmu na wata biyu. Mai shagon ya ce guda biyu suka rage masa. Saura ƙiris mu ba da kafin alƙalami, sai malamin lissafin da ke cikinmu ya farka. Kullum muna ce wa yara kada su rubuta amsa sai sun karanta tambaya, ga shi mu za mu sayi kaya ba mu auna ɗaki ba. Muka ce masa za mu dawo.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a wannan karo idonmu bai san kima ba. Da muka sa tef, makewayin mita 2 ne a tsawo, mita 1 da santimita 80 a faɗi, masai kuwa dama a ware yake. Mai gyaran famfo ya gaya mana irin wannan baho mai zaman kansa sai an bar masa aƙalla tafin hannu tsakaninsa da bango ta kowane gefe, in ba haka ba tsintsiya ba za ta shiga ba, ruwa ya kwanta a bayansa, gansakukar da muke gudu ta dawo. Idan aka cire wannan, abin da zai rage mana wani siririn lungu ne na santimita 80, a nan za a buɗe ƙofa, a nan za a ajiye bokiti, a nan mutum zai juya.

Daga nan sai lissafin ruwa. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san abin mamakin da muke ciki. Ruwan saman da ke zuba a Libreville a shekara ya kusa mita 3, wato ya ninka na Kano wajen sau uku, amma ruwan famfo daga Ntoum ake turo shi, tafiyar kilomita 40, zuwa garin da ƙidayar 2013 ta samu da mutum sama da dubu 700. Gari ya fi bututu saurin girma. Mu da ke kan tudu, sau da yawa sai tsakar dare famfo ke tari ya kawo, a tashi yara a tara a jarka. Bahon nan kuwa yana cin wajen lita 200, wato jarka 10 masu lita 20. Mu tara ne a gida, kowa na wanka da bokitin lita 15, jimla lita 135. Ashe ruwan da mutum ɗaya zai kwanta a ciki ya fi wanda gidan duka ke wanka da shi. Muka rubuta wannan a takarda muka miƙa wa uwargida. Ta duba ta ce, "Malam, ni ba ɗalibarka ba ce." Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Wadda ta raba gardamar ita ce wadda ba wanda ya tambaya. Inna ba ta kiran sunanmu, kasancewar mu ne ɗan fari. Wata rana bayan la'asar ta ce, "Kai, zo nan. Wane kwale-kwale ne nake ji kuna faɗa a kansa?" Muka nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ta ina ake shiga. Muka ce ɗaga ƙafa ake yi a tsallaka. Ta ce, "Ni da ƙofar ɗaki ke gagarata tsallakawa? Kuma in shiga in yi me, in kwanta? Ranar da za a kwantar da ni a yi mini wanka tana nan zuwa, kada ku gaggauta mini." Ta ƙara da cewa ita tun tana yarinya aka karantar da ita ruwan da sabulu ya canza ba a tsarki da shi, to yaya mutum zai zauna cikin dauɗarsa ya ce ya yi wanka? Ta tuna mana kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, da sa'i ɗaya yake wanka, abin da bai cika ko rabin bokitinmu ba.

Wallahi kunya ta rufe mu. Saboda faɗuwar wannan baiwar Allah aka fara maganar gyara, ga shi mun yi wata huɗu muna shirin kafa mata katanga mai santsi a inda ta faɗi. Uwargida da ke bakin ƙofa tana ji, ita ta fara magana. Ta ce, "Inna, ki yafe mana, mun bar jaki muna dukan taiki."

Washegari muka sake zama da magini da mai gyaran famfo, amma a wannan karo da wurin Inna muka fara. Aka shimfiɗa tayil mai kaushi wanda ba ya santsi ko da sabulu, aka karkata daɓen yadda ruwa zai gangara magudana ba ya kwanciya. Aka gina mata dakali daidai tsayin gwiwa, aka kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da shi, aka sauko da famfo inda hannunta zai kai daga zaune, da wurin ajiye buta da moɗa. Aka juya ƙofar tana buɗewa waje, domin idan mutum ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ta. Aka faɗaɗa taga don iska.

Sai da aka gama wannan muka duba abin da ya rage na wuri da na kuɗi. Aka sami baho, kuma mai siffar ƙwai ɗin, amma ƙarami, santimita 140, irin wanda ake ginawa a jikin bango a rufe gefensa da tayil, babu bayan da datti zai ɓuya. Kuɗinsa bai kai rabin na farko ba. A nan ma lissafi ya goyi bayan uwargida, domin siffar ƙwai kan ci wajen kashi huɗu cikin biyar na filin da mai kusurwa huɗu zai ci in tsawonsu da faɗinsu ɗaya ne, wato ya fi tattalin ruwa, kuma ba shi da kusurwar da yaro zai fasa goshi. Da muka gaya mata haka ta ce ashe takardar tamu takan faɗi abin daɗi.

Yanzu da muke wannan rubutu, ba wanda ya taɓa cika bahon ya kwanta. A ciki ake yi wa ƙananan yara wanka da bokiti ɗaya, uwarsu na zaune a gefensa ba sunkuyo. A ciki ake jiƙa barguna. Idan famfo ya kawo da dare akan tara ruwa a ciki, amma da sharaɗi biyu da muke roƙon duk mai baho ya kiyaye. Na farko, a rufe shi kuma kada ruwan ya wuce kwana biyu, domin sauron da ya yaɗa zazzaɓin cikungunya a garin nan a 2007 a ruwan da aka tara a gida yake ƙwai. Na biyu, a sa sakata a sama inda yaro ba ya kai wa, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe. Inna kuwa tana shiga da kanta, ta fito da kanta, ba ta neman hannun kowa. Har yau dai kwale-kwale take kiransa.

Saboda haka 'yan'uwa, wanda duk Allah ya nufa da irin wannan gyara, shawararmu ita ce kafin ya je Oloumi ya ɗauki tef ya auna ɗakinsa da ƙofarsa, ya ƙirga jarkokin da ke shiga gidansa a rana, sannan ya je ya zauna gaban wanda ya fi kowa rauni a gidan ya tambaye shi abin da yake bukata. Baƙon da muke so mu burge sau ɗaya zai leƙa ya tafi, tsohuwa kuwa sau biyar take shiga kowace rana don alwala. Daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya jiƙansu, mu kuma ya ba mu ikon kyautata wa na raye. Sai wani watan idan Allah ya kai mu. Wassalam.