Gyara daban, duba gyara daban

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a sha'anin pon ɗin mota, sai ido da kunne da hannu duk sun ba da shaida kafin a ce an gama aiki. Pon, sunan da makanikanmu suka aro daga Faransanci, shi ne ƙundun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya. Shi ke karɓar ƙarfin inji ya raba wa tayoyin biyu, ya kuma bar ta waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana.

Motar da na gada daga mahaifina Peugeot 504 ce mai dogon jiki, irin waɗanda suka daɗe suna jigilar mutane tsakanin Maraɗi da Damagaram. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kuma an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna shekaru da dama bayan Turai ta daina. Da pon ɗinta ya fara kuka, wani dattijon makanike ya kwance shi, ya sake masa rulma da robobin tare mai. Na tambaye shi: "Baba, yaushe zan ɗauka?" Ya ce: "Malam, haɗawa muka yi, ba mu duba ba tukuna."

Dubawar ta fara tun kafin a rufe murfi. A cikin pon akwai ƙaramin giya mai juya wani babba mai kamar faifai. Dole a bar ɗan wasa tsakanin haƙoransu, wajen 0,1 zuwa 0,2 na milimita, kuma da agogon awo ake tabbatar da shi. Idan ya matse, ƙarfe ya yi zafi ya cinye kansa; idan ya yi yawa, a ji ƙwas duk lokacin da aka taka totur. Sa'an nan ya shafa shuɗin fenti a haƙoran, ya juya su da hannu. Wurin da fentin ya goge shi ne wurin da suke cizon juna: tsakiyar haƙori ake so, ba baki ko gindi ba.

Bayan an mai da shi, aka ɗaga bayan motar. Ya juya taya ɗaya gaba, ɗayar ta juya baya, alamar ƙananan giyoyin ciki suna aikinsu. Ya zuba mai mai kauri har ya taɓo bakin kafar zubawa. Muka hau kwalta, ya ce a yi shiru: kukan da ke zuwa idan an taka totur daban yake da wanda ke zuwa idan an ɗaga ƙafa, kuma kowanne da abin da yake tonawa. Da muka tsaya ya ɗora tafin hannu a kan pon ɗin, ya leƙa ko mai yana tsatsafowa. Ya ce in komo bayan ƴan ɗaruruwan kilomita a juye man, a ga ko akwai garin ƙarfe a ciki.

Wannan tsanani ba ƙaƙale ba ne. Pon da ya cije a kan gudu yana kulle tayoyin baya, kuma motar da ta ɗauko iyali ba ta da damar gwaji na biyu. Mu malamai mun san haka a namu fagen: darasin da ba a bi sawunsa ba, ba a san ko ya zauna ba.

Abin da ke damuna shi ne, wannan ilimi a kunnuwa da tafukan dattawa yake, kuma yawancin kalmominsa ba su shiga takarda da Hausa ba. Ƙungiyoyinmu na al'adu suna tattara tatsuniyoyi da kirarin maƙera, kuma sun kyauta. Ya kamata su leƙa gareji ma, tun masu sanin suna raye.