Ɗakin da ba a tambayar ɗan gidan wane ne kai

A gida, idan giya ta kama mutum, dangi kan rufa masa asiri, a ce ba shi da lafiya. A nan Washington, inda nake karatun digiri na biyu, babu dangin da za su kewaye ka. Shi ya sa da wani ɗan uwana ya ce mini ya gaji da sha, na tashi nema masa abokan fama.

Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Akron ta jihar Ohio a 1935, tana da tarurruka kullum a wannan yanki. Manhajar Meeting Guide ta nuna mana mafi kusa, a Silver Spring. Ba a biyan kuɗin shiga, sunanka na farko kawai za ka faɗa. Wasu tarurrukan na masu fama ne zalla, wasu kuma ɗan rakiya na iya shiga, don haka na raka shi.

Ya ɗan ja baya da ya ga ɗakin a cikin coci yake. Aron wuri ne kawai, ƙungiyar ba ta wani addini ba ce. Wanda ya fi son zama da Musulmi kuwa, akwai Millati Islami, da aka kafa a Baltimore a 1989, mai bin matakai 12 bisa koyarwar Musulunci.

Amma wanda ya daɗe yana sha da yawa ya fara ganin likita, domin dainawa farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya. Ɗan uwana yana zuwa duk ranar Talata, kuma yanzu shi kaɗai yake tafiya.