Ɗumin da ba a hura masa wuta ba

Drammen, ƙasar Norwe
Watan Janairu

Yaya,

Ya hunturu, ya aikin fadama? Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton ɗakin Inna har ya kai linta. Allah ya saka maka da alheri, ya bar zumunci. Ka ce in turo kuɗin kwano da janareta da na'urar sanyaya ɗaki. Kuɗi na nan tafe, amma kafin ka shiga kasuwa ina roƙonka ka daure ka karanta wannan takarda har ƙarshe, ko da za ka ce ƙanen nan naka bai koyo komai a Turai ba sai surutu.

Yau da asuba sanyi ya kai digiri 14 ƙasa da sifiri. Amma ga ni ina maka rubutu da 'yar shara a jikina, kuma babu garwashi ko ɗaya a inda nake zaune. Shekarar da na zo, wannan abu ya ɗaure mini kai. A jikin bango daga waje akwai wani akwati mai fanka, sak irin na na'urar sanyi da ake gani a bankunan Birnin Kebbi, yana ta juyi a cikin ƙanƙara. Na ce a raina tsohon nan da nake haya a gidansa ya fara ruɗewa, wa ke kunna na'urar sanyi a irin wannan lokaci? Da na tambaye shi sai ya yi dariya, ya ce ai shi ne ke ɗumama mu. A harshensu sunansa famfon ɗumi.

Bari in kwatanta maka da abin da ka fi ni sani. Injin ban ruwanka da ke bakin Kwara ba ya ƙirƙirar ruwa. Ɗaukarsa yake yi daga ƙasa ya hau da shi gona, inda ruwan ba zai je da kansa ba. To haka wannan akwati yake, sai dai shi zafi yake ɗebowa. Iskar da mu muke jin ta yi sanyi ƙalau har yanzu da sauran zafi a cikinta, matuƙar an sami abin da ya fi ta sanyi. A cikin bututunsa akwai irin gas ɗin da masu gyaran firiji ke ɗurawa, wanda ke tafasa ya zama tururi tun a cikin tsananin sanyi. Ka tuna lokacin da muke juye fetur a jarka, in ya zubo a hannu sai ka ji wurin ya yi sanyi yana bushewa? Zafin fatarka ya kwashe ya tashi da shi. Haka gas ɗin nan ke kwashe zafin iskar waje. Daga nan sai kwamfuresa ta matse tururin, abin da aka matse kuwa zafi yake yi, kamar yadda famfon keke ke ɗumi a hannu in an daɗe ana bugawa. Wannan zafin shi ake sakewa a cikin ɗaki. Gas ɗin ya huce ya koma ruwa, a sassauta masa matsi ya sake yin sanyi, ya fita waje ɗebo wani. In bazararsu ta zo, akwai wani bawul da ke juya tafiyar, sai ya koma kwashe zafin ɗaki yana zubarwa waje. Ashe firijin mai shago da kake jin bayansa da zafi, da na'urar da kake son saya wa Inna, duk dangi ɗaya ne da shi. Namu dai hanya ɗaya suka iya.

Inda lissafin yake shi ne nan. Kasko da gawayi, murhun itace, tukunyar gas ko ta mai da Turawa suka daɗe suna amfani da ita, duk ƙonawa suke yi, kuma ba za su taɓa ba ka fiye da zafin da ke cikin abin da ka ƙona ba, wani ma hayaƙi ya tafi da shi. Hita ta lantarki, irin wadda ɗalibai ke tsomawa a bokiti, in ta ci awo ɗaya na wuta awo ɗaya na zafi take bayarwa. Shi kuwa famfon ɗumi, da yake dako kawai yake yi, awo ɗaya na wuta kan kawo uku ko huɗu. In sanyi ya tsananta sosai ribar takan ragu, wani lokaci ma yakan dakata ya narkar da ƙanƙarar da ta daskare masa. Shi ya sa tsohon bai rabu da murhun itacensa ba.

A garin nan ma sun wuce nan. Tun 2011 akwai wata tasha da ke zuƙo ruwan teku mai sanyi, kimanin digiri 8, ta tatse ɗan ɗumin da ke cikinsa, ta tura ruwa mai digiri 90 ta bututu zuwa gine-ginen gari. Duk sanda na wuce ta wurin sai in tuna Kwara, yadda take ratsa ƙasarmu ta gangara Kainji ta juya injinan da ke haska garuruwan wasu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba injin ba ne, halin masu shi ne. Norwe ƙasar mai ce kamar tamu, tana sayar wa duniya ɗanyen mai da gas. Amma fetur a nan na cikin mafi tsada a duniya, kuma tun farkon 2020 doka ta hana ɗumama gidaje da mai. Fiye da rabin gidajensu na da famfon ɗumi. Mu fa? Mun taso muna ganin mai kamar ruwan rijiya, ana loda jarkoki a babur ana bi ta Tsamiya zuwa Segbana, har ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafi ya tafi, kowa ya kama kansa. Tsohon nan yana da littafin da yake rubuta wutar da gidan ya sha kowane wata, shekara da shekaru. Da farko na ɗauka rowa ce. Daga baya na gane mutum ne da ya yarda ya biya kuɗi mai nauyi yau don ya huta shekara goma sha biyar. Mu kan sayi mai araha sau biyar, mu ce Allah ya kawo na gaba.

Kada ka ce na zama ɗan koren Turawa. Shi ya iya wannan lissafi ne don ya tabbata wutar ba za ta ɗauke ba, galibinta daga madatsun ruwa take, kuma banki zai ba shi rance. Wanda bai san ko za a kawo wuta gobe ba, in ya sayi janareta ba wauta ya yi ba. Su ma da wuta ta yi tsada a ƙarshen 2021 kuka suka yi, sai da gwamnati ta ɗauke musu wani kaso. Ashe tallafi ba mu kaɗai ke so ba.

Akwai kuma abin da ɗumin nan ya ci musu. A gida hunturu tara mutane yake yi. Ka tuna yadda muke kewaye wutar kara a ƙofar gida da sassafe, Baba, Allah ya jiƙansa, yana gasa dankali, maƙwabci ya zo jin ɗumi ya tafi da labari? A nan kowane lungu na gida ɗuminsa ɗaya, saboda haka babu dalilin matsowa kusa da kowa. Tsohon na sama, ni ina ƙasa, sai mu yi mako ba mu haɗu ba. 'Ya'yansa na Oslo, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, amma sai sun sa rana kafin su zo. Ba mugaye ba ne, suna da amana da cika alkawari fiye da yadda zan iya faɗa maka, sai dai sun ɗauki rashin damun mutum a matsayin girmamawa. Ranar da na kai masa tuwon shinkafa da miyar kuka ya rasa inda zai sa kansa, har yana tambaya nawa zai biya. Ban ce kaskonmu ya fi ba, don ka san yadda gawayi a rufaffen ɗaki ke kashe mutane cikin barci, kuma don Allah kada a bar wa Inna shi da dare.

Yanzu ga maganar ɗakin. Abu na farko da tsohon ya nuna mini ba injin ba ne, kaurin bangonsa ne da tagogi masu gilashi ninki uku. Ya ce injin da ke cikin gida mai yoyon iska ɗibar ruwa ne da kwando. Nan take na tuna soron Kaka na ƙasa, wanda in rana ta take a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kana shiga sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa, da hunturu kuma ga ɗumi. Mun rushe irinsa mun koma bulo da kwano don kada a ce ba mu waye ba, yanzu muna neman inji ya kwashe zafin da mu muka gayyato.

Saboda haka ga shawarata, kai ne babba, hukunci naka ne. A yi kwanon, amma a ɗaga shi, a sa silin mai kyau, a bar kafar da iska mai zafi za ta fita ta sama. Taga biyu su kalli juna. A yi rumfa ta yamma, a dasa dogon yaro tun bana. Kuɗin janareta kuma a mai da su sola, a fara da fanka da ƙaramin firiji don maganin Inna da ruwan sanyi lokacin azumi. In an ga bai wadatar ba, baɗi in Allah ya kai mu sai a ƙara faifan sola a sa ƙaramar na'urar sanyi mai inbata, wadda ba ta zuƙar wuta da yawa. Randarta kuma kada a taɓa mata ita.

Ka gaida Inna, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida su Kawu na Illo da Gwaggo ta Kaoje, da yara duka. In ka sami mai zuwa Legas ka ba shi kuka da daddawa, akwai wanda zai taho nan bayan salla. Kafin magini ya ɗora katako, ka kira ni mu yi magana da shi.

Wassalam,
Ƙanenka